Numfashi Goma Sha Biyu na Yaya Lawal

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran yayana, Malam Lawal, malamin makaranta kuma mai koyar da wasan kwaikwayo. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, addu'a nake yi masa in kama bakina. Bana kuwa an tsokano ni. Na ji ana shelar cewa wasu za su yi taron tunawa da shi a wani otal, da bitar kwana biyu ga 'yan wasa da daraktoci, a ƙarshe a raba takardar shaida mai ɗauke da sunansa. Kwana biyu! Mutumin da sai ka yi sati biyu a gabansa kafin ya yarda ka buɗe baki a kan dandali. Kuma jagoran taron ba kowa ba ne sai Alhaji Tanimu, wanda yanzu yake kiran kansa babban ɗalibin marigayi. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona, tun ina da sauran idon.

Mu Katsinawa ne. Mahaifinmu direban babbar mota ne, aiki ya kawo shi Kaduna, ya sauke mu a Unguwar Shanu, nan muka girma. A kwalejin horon malamai Yaya ya ci karo da tsofaffin wasannin mutanen ƙetare, waɗanda aka rubuta tun ɗaruruwan shekaru, suka shiga ransa suka zauna. Ya kwashe shekaru yana mayar da guda uku zuwa Hausa a cikin wani babban littafi mai baƙin bango, yana gogewa yana sakewa. A lokacin 'yan wasan garin nan ba ruwansu da rubutu. A gindin bishiya ake ba su labari, a ce kai ne maigida, ke ce uwargida, kowa ya hau ya zuba abin da ya zo bakinsa, wanda ya fi sa mutane dariya shi ne gwani. Yaya bai taɓa cewa dariya laifi ba ce. Abin da yake ƙona masa rai shi ne a ce iyakar abin da Bahaushe zai iya a dandali ke nan.

'Yan shekaru bayan gama yaƙin basasa, a dogon hutun makaranta, ya ari aji guda a wata firamare a Unguwar Dosa, ya ce zai yi horo na kwana arba'in. Ranar farko ajin ya cika har taga. Kafin sati ya zagayo saura mu tara, don kuwa sun zo ne a yi raha, suka tarar da aiki. Ka'idarsa ta farko, kowa ya kwafe wasan da Yaya ya zaɓa daga cikin ukun nan gaba ɗaya da hannunsa, har da maganar wanda ba ku taɓa haɗuwa a fage ɗaya ba. Mai son zama darakta kuwa, shi ake bai wa matsayin mai tsaron ƙofa a cikin wasan, ya yi ta tsayuwa yana kallon yadda sauran suke motsi har ƙafarsa ta yi tsami. Bayan sallar asuba za mu jeru a ƙarshen filin ƙwallo, shi yana zaune a baranda, kowa ya faɗi layinsa. Idan bai ji ba ka sake, idan ka yi ihu ma ka sake. Ni ina koyarwa a makarantar 'yan mata lokacin, kuma kasancewata ƙanwarsa bai sa ya rage mini ko ƙwayar zarra ba.

Tanimu mai tallar magani ne a tasha, Bakano, bakinsa kamar an shafa zuma. Ba zan ci haƙƙinsa ba, Allah ya ba shi baiwa. Murya gare shi, ga fuska mai juyawa yadda ya so. Yaya ya ƙaunace shi fiye da mu duka, ya ba shi babban matsayi a wasan: wani attajiri mai taurin kai da ya kori ɗansa tilo daga gida, daga baya manzo ya zo masa da labarin yaron ya mutu a hanya. Ni ce matar attajirin, uwar yaron.

A shafin da manzo ya gama magana, Yaya ya rubuta da jan biro: “Shiru. Numfashi goma sha biyu.” Ba kuka, ba salati, ba faɗuwa ƙasa. Uba da uwa su tsaya kawai, labarin ya ratsa su a gaban jama'a. Kwana shida muka yi a kan wannan shirun kaɗai. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce wasa ne, amma tsayuwa a gaban idanu ba ka cewa komai ta fi haddar shafi goma wuya. A rana ta uku Tanimu ya gaji ya ce, “Malam, wallahi mutanenmu tashi za su yi. In suka ji shiru cewa za su yi mun manta.” Yaya ya ce, “Bari su tashi, Tanimu. Kai dai ka tsaya.”

Ranar wasan Asabar ce, bayan la'asar, a babban ɗakin taron makarantar. Direbobi abokan mahaifinmu sun zo, matan unguwa sun zo, sojojin sama daga Mando sun zo da kakinsu, har da wani malamin allo maƙwabcinmu da ya daɗe yana cewa abin namu shirme ne. Wasa ya yi ta tafiya lafiya har manzo ya shigo ya faɗi saƙonsa. Sai ɗakin ya ɗauke. Ban taɓa jin irin wannan shirun a taron Hausawa ba, in ba a sahun salla ba. Mai gyaɗa da ke bakin ƙofa ta daina miƙa wa mutane. Na hango malamin allon nan ya sunkuyar da kai. Ina ƙirgawa a zuciyata, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

A na huɗun na ga idon Tanimu ya fara yawo. Mutumin da ya saba da tasha, inda shirun jama'a yake nufin sun fara watsewa, ya ɗauka ɗakin ya kuɓuce masa, alhali a tafin hannunsa yake. Sai ya juya ga manzo, ya sako muryarsa ta tallar magani, ya ce, “To ai yaron nan da sabuwar hulata ya fita. An dawo da ita kuwa?”

Ɗakin ya fashe. Sojoji suna dukan benci, mata suna riƙe ciki. Daga nan duk abin da muka faɗa dariya ake yi, har wurin da uwa take kiran sunan ɗanta. Aikin kwana arba'in ya tafi a kan hula. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗa duka: ni ma na yi dariya. Ni uwar mamaci, na ja mayafi na rufe fuska, kafaɗuna suna rawa, mutane suka ɗauka kuka nake yi. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Da aka tashi, jama'a suka yi wa Tanimu caa, ana ta jinjina masa. Na koma ciki na tarar da Yaya shi kaɗai yana mayar da bencuna wurinsu. Na tsaya ina jiran faɗa. Bai ɗago ba ya ce, “Asabe, kin ji huɗun farko?” Na ce na ji, Yaya. Ya ce, “Ashe ana iyawa. Saura takwas.” Sai da ya ajiye bencin da ke hannunsa sannan ya ƙara da cewa, “Mayafinki ya rufa miki asiri wurin mutane.” Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Ba a yi wata uku ba aka kira Tanimu wasan talabijin, ya zama wanda yara suke bi a titi. Yaya ya sake kiran horo sau biyu, amma wa zai zo ya kwafe littafi da hannu bayan kowa ya ga gajeriyar hanya? Ya ci gaba da koyar da ajinsa har ciwo ya kwantar da shi. A watannin jinyarsa ban ga ƙeyar babban ɗalibin nan a ƙofar gidanmu ba ko sau ɗaya.

Wani lokaci nakan zauna gaban kaset ɗin da jikokina suke sakawa, in tambayi kaina me Yaya zai ce. Yanzu a cikin mota ake ba ɗan wasa labari, a hanyar zuwa wurin ɗauka. Wanda ya riƙe wa darakta jaka bara, bana shi ne darakta. Idan aka yi mutuwa a fim, kafin mai kawo labari ya rufe baki an saki kiɗa mai ban tausayi, uwa ta zube tana birgima, wai kada mai kallo ya rasa sanin cewa wurin kuka ne. Tsoron shiru suke yi kamar yadda Tanimu ya yi, sai dai su ba su ma san akwai abin da suka tsallake ba. Na san Yaya ba zai zage su ba, ba halinsa ba ne. Ni ce mai zagin, kuma ban ga dalilin dainawa ba.

Watan jiya sai ga Alhaji Tanimu a gidana, babbar riga tana jan ƙasa, turare ya riga shi shigowa. Bayan gaisuwa ya ce, “Hajiya, littafin Malam muke so. Za mu sa shi cikin gilashi a wurin taro, 'yan baya su gani.” Littafin yana cikin akwatina tun ranar da Yaya ya miƙa mini shi a gadon jinya, ya ce in ba wanda zai yi aiki da shi. Ba wani kwafi da ya rage a duniya sai shi, namu na hannu duk sun bi gara da ƙaura. Na tambayi Alhaji ko ya tuna abin da aka rubuta da jan biro bayan maganar manzo. Ya yi murmushi ya ce ai shekaru sun ja, amma duk koyarwar Malam tana cikin jininsa.

Na ce, “To Alhaji, ba sai mun wahala ba. Ka zauna nan ka dube ni, kada ka ce komai, har in ja numfashi goma sha biyu. Idan ka yi, ka tafi da littafin yau.”

Kada mai karatu ya ɗauka abin bai dame ni ba. Na tsufa, idona ya fara hazo, 'ya'yana ba mai sha'awar wannan harka, kuma ina tsoron ranar da za a buɗe akwatina a ɗauki littafin a ba mai ƙosai. Da Tanimu ya cika sharaɗin, wallahi da na ba shi, in ce ko a makare wani ya ƙarasa wa Yaya takwas ɗinsa. Abin da ya rage na yayana a duniya bai taka kara ya karya ba a idon masu taro: littafi ɗaya mai baƙin bango, da tsofaffi biyu ko uku da suka taɓa jin ɗaki cike da mutane ya yi tsit saboda maganar Hausa. Amma na fi son gara ta ci shi a akwatina da a kulle shi cikin gilashi, masu takardar kwana biyu su riƙa ɗaukar hoto a gefensa. Duk wanda yake so, ƙofata a buɗe take, ya zo da biro da takarda ya kwafa da hannunsa kamar yadda muka yi. Allah ya jiƙan Yaya Lawal, ya sa ya huta.

Alhaji kuwa ya gyara zama, ya tattara riga, ya zuba mini ido. Na ja numfashi na ɗaya, na ja na biyu. Ina cikin na uku ya kwashe da dariya ya ce, “Kai, Hajiya, har yanzu kina nan da rigimarki!” Wancan karon ya kai huɗu.