Sista Kar-Ka da Bakaniken da Ya Ƙi Komawa Asibiti

Maƙwabciyarmu ta yi aikin jinya har kanta ya yi fari fat, sannan ta yi ritaya. Asibiti ya huta, unguwa ta shiga uku. Sista Kar-Ka muke ce mata, a bayan idonta dai, domin ba ta buɗe baki sai da kar ka sha wannan, kar ka sosa, kar ka zauna nan. Mijinta, bawan Allah, ya yi tari sau ɗaya sai ta zaro abin awon zafi. Har ya koyi fita ƙofar gida ya yi tarinsa a asirce.

Shi ne ya jiyo cewa wata ƙungiya mai taimakon masu kansar jini tana neman ma'aikatan jinya su riƙa ba da shawara kyauta. Da hannunsa ya goge mata takalmi, ya raka ta har bakin ofishin.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da kujerun roba da fanka mai kuka. Shugabar yarinya ce ƙarama, a shekaru Sista ta haife ta sarai.

"Mama, shawara kawai muke so," in ji yarinyar. "Ba allura, ba magani."

"To me ya rage?" in ji Sista.

Aka haɗa ta da tsohuwar abokiyar aikinta, Gajeriya, aka tura su gidan wani bakanike. Ya fara karɓar magani, sai ya daina zuwa, likita kuwa ya ce in ya ƙara jinkiri ciwon zai fi ƙarfin maganin. Aikinsu su shawo kansa ya koma.

Suka same shi a falo, ya jingina da matashi. Sista ta wanke hannu, ta buɗe taga, ta ja masa fatar ido ta leƙa, sannan ta juya wajen matarsa, yadda ta saba yi a bakin gado tun tana budurwa.

"Yana cin abinci? Zazzaɓi fa? Dasashinsa na jini?"

"Ya rame," in ji Gajeriya.

"Ya rame ƙwarai. Bayan gida fa, yana yi?"

Bakanike ya gyara zama. "Baiwar Allah, wa ya rasu?"

"Kamar yaya?"

"Na ji ana ta maganar wani, ban gan shi ba. Ni dai ga ni da bakina da kunnena. Haka kuke yi a can, ku tsaya a kaina kamar ana cinikin tsohuwar mota. Ga ƙofa nan."

Sista ta dawo gida ta cika ta yi fam. Ita da manyan likitoci ke kauce wa hanya, yau mai baƙin mai ya kore ta! Ranar mijinta ko atishawa bai yi ba.

Washegari shugabar ta ce, "Mama, ki koma ke kaɗai. Ki tambaye shi, sannan ki yi shiru."

"Shiru? Ni?"

Ta sami bakanike a garejinsa, zaune a benci yana kallon abokan aikinsa suna kwance inji. Babu kujera, dole ta ɗosana a kan tsohuwar taya, da farin takalminta.

"Malam, me ya hana ka komawa?"

Ya ci gaba da kallon injin. Nan fa azaba ta fara. Ga guntun kwano mai tsatsa dab da ƙafarsa. Ga kofin ruwa a buɗe, ƙuda na wanka a ciki. Magana ta taso mata har maƙogwaro, ta danne, ta ƙanƙame jakarta kamar za a ƙwace.

Can dai ya ce, "Tun da na fara maganin nan aka ware min kofi da kwano. 'Yar autata in ta rugo wajena, uwarta ta fizge ta. In je in sha wahala, in dawo gida ana guduna? Gara in zauna nan." Ya sunkuyar da kai. "Ana ɗauka ne?"

"Ɗaukar me? Kansar jini ba mura ba ce! Kai ne ma za ka iya kwasar mura a wurinta, don maganin yana rage ƙarfin jiki. In lafiyarta ƙalau, a wanke mata hannu, ɗauki 'yarka."

"To me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Ai an gaya wa matarka a kula da…" Sai ta haɗiye sauran. An gaya wa matar a kare shi daga cuta, ita kuma ta ɗauka yaran za ta kare daga gare shi.

Sista ta ja dogon tsaki. Wa ta yi wa, ban sani ba.

Bakanike ya ce zai koma, amma da sharaɗi: sai ta maimaita wannan magana a gaban matarsa, tana kallonsa shi. A asibiti kuma ta raka shi, amma ƙafarta ba za ta shiga ɗakin maganin ba.

Haka aka yi. Ranar da aka sa masa ƙarin ruwan maganin, Sista na waje, ta manna goshi da gilashin taga, tana kallon wata sabuwar nas tana lalube jijiya.

"Dubi yadda ta riƙe hannun! Wa ya koyar da ita?"

Bakanike ya ɗago, ya yi mata murmushi, ya ce wa nas ɗin ta saki labule.