Shekara Bakwai Babu Yaya Hajara, Mai Koya wa Injiniyoyi Doka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara. Lauya ce, 'yar Gummi, amma ta bar zuwa kotu ta koma jami'a tana koya wa ɗaliban injiniya da na gine-gine doka. Ni ma na zauna a ajinta, kuma ban so darasin ba. Mun zo ne mu koyi siminti da rodi, ga ta tana mana zancen yarjejeniyar kwangila da hakkin wanda gini ya faɗo wa.

Takan ce, "In gini ya ruguje, ba siminti ake kaiwa gaban alƙali ba. Wanda ya sa hannu ake kira." Bayan gubar dalma ta kashe yara a ƙauyen Duza, ta je ta ga gidajen da ake niƙa dutsen zinariya. Da ta dawo ta tambaye mu wa ya kamata ya hana.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta. Ina Anka muna zuba kankaren wani rufi aka kira ni a waya. Kankare ba a barin shi rabi, sai na tsaya aka gama, na wanke hannu, na hau mota. Ban yi kuka a ranar ba. Na ɗauka zai zo daga baya. Har yau bai zo ba. Inna ta daina tambayata.

Yanzu hanyoyinmu sun lalace da 'yan bindiga. Injiniya na zaune a birni, a turo masa hoton gini a waya, ya sa hannu. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Wataƙila za ta yi faɗa. Wataƙila kuma ta ce rai ma hakki ne, kada kowa ya je. Ban sani ba, muryarta ma ta fara ɓace mini.

Daminar da ta wuce wani tsohon ɗalibinta, Injiniya Sanusi, ya zo gidanmu gaida Inna. Ɗan kwangila ya nemi ya sa hannu kan wani asibitin ƙauye a ƙasar Bukkuyum wanda bai taɓa gani ba. Ya ƙi. Aka cire shi daga aiki, wani ya sa hannun.

Inna ta ce, "To mi kaka yi yanzu, ɗana?"

Ya ce, "Noma, Inna. Malama ce ta hana ni."

Inna ta gyaɗa kai, ta tura masa ƙwaryar fura.

Abin da ya rage na Hajara ke nan a iya sanina: mutum guda da ya rasa aiki. An buɗe asibitin, mata na zaune a barandarsa da jarirai a baya. Ko ginin yana da lafiya, babu wanda ya je ya duba. Allah ya jiƙanta.