Saƙon da Elda Kwame Bai Kai Aboabo Ba

Muniru mai shagon kayan miya ne ya fara ba ni labarinsu. Rubuta haka, Rukaya jikata, kada ki gyara mini magana. Na shiga sayen gari da manja, ya ce, "Alhaji Kassim, ka ga fastocin da suka sauka a benenku? Mutanen Ghana ne fa, wai su aka turo su yi wa Amurka wa'azi." Na ce to, duniya ta juya. Ya rage murya ya ce, "Kuma an ce aikinsu neman matattu."

Na yi dariya a gabansa. Amma da na fito sai da na tsaya a bakin titi na gyara riƙon ledata.

Mijin sunansa Kwame Arhin, matar Ama. Fante ne daga Sekondi, 'yan cocin nan da ake kira Momon. A cocinsu idan mutum ya tsufa ya ajiye aiki, yakan ɗauki matarsa su tafi inda aka tura su, su yi wata goma sha takwas suna hidima. Su unguwarmu ta Highbridge a Bronx aka jefo su, hawa na huɗu, mu muna na biyu. Kowa na kiransu Elda da Sista, haka yake rubuce a wani baƙin kati da suke maƙalawa a ƙirji, ko shara za su fitar. Shi ya yi shekara talatin da biyar yana akawu a reluwe. Hausarsa kuwa a wurin mahautan zangon Sekondi ya tsinto ta, shi ya sa ya san sunan kowane yanki na saniya, amma bai iya ta'aziyya ba.

Kullum ƙarfe takwas da rabi zan ji su a matakala, don liftar nan kin san halinta. Shi a gaba da jakar kwamfuta, ita a baya tana faɗa wa gwiwarta magana da Fante. Ba ka taɓa ganin ɗaya ba ɗaya. Talata da Alhamis suna koya wa sababbin zuwa Turanci. Laraba su hau bas su je duba ɗakunan samarin cocinsu masu fararen riguna, Sista ta dawo tana cewa tukunyar yaran nan ko akuya ba za ta ci a ciki ba. Sauran ranaku suna wani ɗaki a cocin, duk mai neman sunan kakanninsa ya zo su taya shi.

Ran da suka fara shigowa gaishe ni na sa uwarki ta dafa shayi. Elda ya riƙe kofin da hannu biyu, ya ce, "Maigida, addininmu ya hana." Na ce, "Giya na ji, shayi kuma me ya yi muku?" Sista ta ce, "Opanyin, kai alade me ya yi maka?" Opanyin dattijo ke nan a Fante. Daga ranar muka sayi Milo muka ajiye musu. An haifa musu jika a Takoradi suna nan. A waya suka ga suna, a kan kujerar da kike zaune. Sista ta yi ta shafa gilashin wayar da babban yatsa.

To, yanzu zan faɗi abin da ko uwarki ba ta sani ba. Kada ki ɗaga biron.

Kin san Hajiya Safiatu ta Aboabo, wadda take ba ki koko da ƙosai shekara huɗun da kika yi karatu a Kumasi. Tana da ƙane, Yussif. Gidanmu da nasu a Aboabo katanga ɗaya. Ya zo nan a casa'in da huɗu ba shi da takarda, na ba shi sunana ya yi aiki da shi a wani wurin wankin mota a Brooklyn. Haka ake yi a lokacin. A wurin aiki shi ne Kassim Saani, a masallaci shi ne Yussif. Daga baya ya kama ɗaki can kusa da aikin, sai Juma'a muke haɗuwa. Wata Juma'a cikin sanyin casa'in da bakwai bai zo ba. Ta biyu ma haka. Na je ɗakinsa, mai gidan ya ce bai dawo ba, ga takalmansa nan na gida.

A lokacin na shigar da takardun ɗauko kakarki da uwarki. In na je wurin 'yan sanda ko asibiti, tambayar farko ita ce me ya sa mutum biyu suke amsa suna ɗaya. Ban je ba. Da Safiatu ta aiko tambaya na ce an ce ya koma Ohio. Ni na ƙirƙiro Ohio ɗin nan da bakina. Shekara ashirin da shida, duk Salla sai ta ce, "Kassim, ko ka ji ɗuriyar ƙanena?" Ni kuma tun daga lokacin, in aka kira sunana a layin likita, sai na ɗan jira in ji ko wani zai amsa kafin in tashi.

Wata rana Elda yana nuna mini a kwamfuta yadda ya samo wa wata mata kakarta, sai bakina ya riga ni. Na ce akwai wani Yussif Adamu da ya ɓace, an ce ya koma Ohio. Amma na kafa masa sharaɗi. Na ce, "Na ji kuna yi wa matattu wankan coci. In ka same shi ka tsoma mini shi a ruwa, ni da kai har gaban Allah." Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Maigida, ba ma taɓa mamacin wani sai danginsa sun yarda. Ni akawu ne. Taragon da ya ɓace nake nema, ba ni ne mai kayan ciki ba."

Wata biyar yana nema. Ya buɗe wa Yussif littafi guda, da rula yake ja masa layi. Ya duba Ohio gari-gari. Ya rubuta wa masallatai. Duk Litinin, ranar hutunsu, zai ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Ba a samu ba tukuna, amma mutum ba ya tafiya bai bar layi a takarda ba." Ni ina zaune ina kallon dattijo yana ƙone idonsa a kan sunan da na san ba shi ne a aljihun Yussif ba. Ina ce masa sannu da ƙoƙari.

Sista ce ta kama ni. Ba ta cika magana in muna zancen ba, saƙa take yi. Ran nan ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Opanyin Kassim, yayana ya yi shekara tara a Jamus da sunan wani. Yussif ɗin nan, da wane suna ake kiransa a wurin aiki?"

Na ce lokacin salla ya yi.

Sati uku ina ɓuya. In na ji takunsu a matakala sai in rage rediyo. Suna wucewa sai in ga leda rataye a ƙofa, dokunu biyu, tuwon masarar nan na Ghana, da soyayyen kifi, ba takarda, ba magana. A sati na huɗu na hau hawa biyun nan da kaina, na zauna, na ce, "Elda, buga sunana."

Bai tambaye ni komai ba. Ya ce birnin nan yana da wani tsibiri can bayan Bronx, inda ake binne waɗanda ba wanda ya zo ya ɗauka, kuma ana ajiye sunayensu. Ya buga. Ko ruwan Milo bai tafasa ba. Kin san ban iya karatu ba, amma na san siffar sunana, shi kaɗai nake ganewa a takarda. Na gan shi kafin ya karanta. Ya karanta a hankali: Kassim Saani, namiji, ya rasu watan Fabrairu, casa'in da bakwai. Da lambar wurin da yake.

Rukaya, ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tsaya a kansa ya yi kabbara huɗu. Sha ruwa in kina so. A'a? To ci gaba.

Elda ya cike mana fom na ziyara. Ran Lahadi ce, kuma su Lahadi ba sa wasa da ita, amma suka nemi izini suka raka ni. A bakin jirgin ruwa mai duba suna ya kalli takarda ya kalle ni, ya ga mai ziyara da wanda za a ziyarta suna ɗaya. Ya ce, "Ɗanka ne?" Na ce ƙanena ne. Wurin fili ne kawai da ciyawa da iska, sai fararen turaku masu lamba. Turke ɗaya, mutum fiye da ɗari a ƙarƙashinsa. Na rasa ta ina zan fuskanci kansa. Na cire takalmi na tsaya, na kira shi da sunansa na gaskiya da na ubansa, da ƙarfi, sau uku, sannan na yi masa abin da na iya. Da na juyo na ga Elda ya cire hula, yana riƙe da takalmana don kada raɓa ta jiƙa su. Sista kuma ta juya baya tana kallon ruwa.

A jirgi na ce zan kira Safiatu in faɗa mata. Su biyun suka ce a'a a tare. Ba a faɗa wa tsohuwa mutuwa a waya, ko a wurinsu ko a wurinmu. Sai mutum ya shiga, an ba shi ruwa, an tambaye shi abin da ya kawo shi. Ni kuma na ce ba zan iya kallon idonta ba. Elda ya ce saura wata biyu su koma gida. Ya ce, "Daga Sekondi zuwa Kumasi hanyar da na yi wa aiki ce duk rayuwata. Ni zan kai."

Sai ya mai da ni malaminsa. Duk Litinin zan faɗa masa yadda ake shiga gidan Hausawa da irin wannan labari, shi kuma ya rubuta, ya maimaita. Inda zai cire takalmi. Kada ya miƙa mata hannu. Kada ya fara da mutuwar, ya fara da gaisuwata. Ya ce, "In ta tambaye ni maganar Ohio fa?" Na ce ka ce kuskure ne. Ya ajiye biro ya ce, "Maigida, ƙarya ba ta cikin kayan da zan ɗauka."  Na ce to rubuta yadda aka yi. Ya rubuta duka, da sunan da na ara masa, da takardun kakarki, da takalman da na gani a ɗakin na juya na tafi.

Saura kwana goma su tashi, da safe, na ji takunsu kamar kullum, sai na ji jakar kwamfuta ta gangaro matakala ita kaɗai. Sista ta kira sunansa, ba Elda ba, Kwame. Kafin motar asibiti ta iso kansa yana kan cinyata. Katin nan baƙi ya karkace, ta miƙa hannu ta gyara masa shi.

Ran da za ta bi gawarsa gida ta sauko da wani ambulan a hannu. Ta ce, "Opanyin, ni yanzu mai takaba ce. Ba zan shiga gidan wata da mutuwarta ba ina ɗauke da tawa." Ta ce a ciki akwai hoton turken, da lambar, da kwatancen gidan, da maganar da ya haddace. Ta ce har ranar ƙarshe yana maimaita ta a gaban madubi yana aske gemu.

Wata bakwai ke nan. Ina jin matakalar nan ƙarfe takwas da rabi, ko da yake wasu 'yan Dominika ne a ɗakin yanzu, kuma ba sa fita da wuri. Shekaranjiya Safiatu ta aiko murya a waya. Ta ce idonta ya kusa rufewa, in dai Yussif yana da hoto na yanzu, ko a Ohio ɗin ne, a taimaka a turo tun tana iya gani. Ban amsa ba.

Ba ni da wanda zan sake aika. Uwarki ta ce in likita ya yarda, bayan Salla zan iya hawa jirgi zuwa Kumasi. Ajiye biron, amarya. Ɗaga dardumar can, ambulan ɗin yana ƙasa. Karanta mini abin da ya rubuta tun daga sallama, a hankali, layi-layi. In kin zo wurin takalman kada ki tsallake.