Ranar da kyamara ta kusa raba Yayana da wasa

Shekarun baya, ina sakandare a Bagudo, yayana ne gwanin wasan kwaikwayo na garinmu. A filin firamare suke yi, ba lasifika, amma in ya buɗe murya har masu tallan gyaɗa na bakin titi sai sun ji. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a juya wa 'yan kallo baya.

Sai wani mai kyamara ya zo daga Kamba zai ɗauki fim a bakin kogi, wajen Illo, ya ba shi matsayin masuncin da kwalekwalen ɗansa ya kife. Yaya ya gaya wa kowa, har danginmu na tsallaken Benin. Ni aka aika da abincinsa.

Da aka fara, masu kifi da 'yan kasuwa suka taru a gefe. Yaya ya manta da kyamara, ya fuskanci taron, ya ɗora hannu a ka, ya kurma ihu.

"Malam, mi kake yi haka?" in ji mai kyamara. "Ƙeyarka za ni sayar wa mutane?"

Aka kori taron. Da Yaya ya ga ba kowa, sai bakinsa ya mutu, ko kalma ya kasa. Mai kyamara ya ce in ba zai iya ba, akwai wani. Na ga fuskar Yaya, zuciyata ta karye.

Sai ya yafito ni. "Ƙanwata, aje kwanon. Tsaya nan jikin kyamara, ke ɗai za ni yi wa."

Ya dube ni, ya yi maganar ɗan nasa a hankali, kamar muna tsakar gida. Wallahi na san ƙarya ce, bai ma yi aure ba a lokacin, amma na fashe da kuka har da shessheƙa. Dole aka sake ɗauka saboda ni. Matsayin dai ya zauna masa, alhamdu lillahi.

Kwanan nan 'yata ta nuna min tsohon fim na Amurka a waya, marar magana. Ta ce ɗan wasan a dandamali ya faro kafin fim ya zo. Yana zare ido yana watsa hannuwa, yaran gidanmu na ta dariya. Ni tausayinsa na ji. Bawan Allah yana neman 'yan kallo na layin baya ne, ba wanda ya tsaya masa jikin kyamara.