Ruwan da Kifi Ya Sani

Daminar da aka kawo Iya gidanmu a Malali ita ce daminar da kifin Baba ya kwanta ciwo. Ban taɓa iya tuna ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Iya mahaifiyar Baba ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, Ummi yake ce mini, ita kuwa ta ce Takwara. Ruwan sama ya kayar da katangar gidanta da ɗaki guda a ƙauyensu ta wajen Malumfashi, ga ciwon ƙafa ya matsa mata, sai Baba ya nemi izini a ofis ya je ya ɗauko ta. Ita kaɗai ya ɗauko, da ɗan ƙullin zannuwanta. Sauran tarkacen ya ce a bar su can, akwai sababbi a Kaduna. Akwai ɗin kuwa: gado da katifa, labule, fanka, kofin gilashi, da ruwan sanyi daga firji duk lokacin da ta so. Ɗakin Iya ya fi na kowa kyau a gidan, mu yara har haushi muke ji.

Baba shi ne ɗan farinta, Iya kuwa irin mutanen da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama hira da shi. In ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take kallo ta amsa a taƙaice. In tana son wani abu sai ta aiko ni ko ƙanena Sanusi: “Ku ce ma wancan.” Goro da man zafi suna aikuwa ta wannan hanya. Abin da yake cin ta a rai kuwa ba ya aikuwa, don ba a tura yarinya ta ce wa ubanta alherinsa ya yi wa mutum nauyi.

Sai ta fara rage cin abinci. Mama ta yi tuwon shinkafa, ta yi na dawa, ta yi fate, duk sai kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi. Aka kai ta asibiti, likita ya ce ban da ƙafar bai ga komai ba. Maƙwabta suka ce ruwan Kaduna ne bai karɓe ta ba. Zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa, mu ma da muke yara mun gani.

Kifin kuwa gadonsa Baba ya yi daga wani Ba'indiye maƙwabcinmu, malamin lissafi, da zai koma ƙasarsu. Akwatin gilashi ne a kan teburi a falo, da tsakuwa a ƙasa, da ɗan inji mai hura iska, da jajayen kifi uku. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya kallo, sannan ya tambaya ko ana ci. Iya ma ranar da ta iso ta daɗe a gabansa, sannan ta ce da Mama, “Kihin da ba a miya da shi, mi ne amfaninshi?” Babban cikinsu yana da jela mai faɗi da yake ja a hankali kamar mai babbar riga ranar Juma'a, muka sa masa Mai Riga.

Da sanyin damina ya kama, sai fararen ɗigo kamar gishiri suka feso a jikinsu, suka riƙa goga jiki da tsakuwa. Baba mutum ne mai son tsafta, don haka ya yi abin da mai tsafta zai yi: ya zubar da ruwan kaf, ya wanke akwatin har yana ƙyalli, ya cika shi da sabon ruwan famfo. Da gari ya waye biyu sun taso sama, ciki a waje. Mai Riga yana ƙasa, ya naɗe jelarsa, yana numfashi da ƙyar.

Baba ya nemo wani mai sayar da irin waɗannan kifaye a cikin gari, ya dawo da 'yar kwalbar magani shuɗi da dokoki cike da kai. Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti a buɗe, maganin da ake zuba masa ya fita. A zuƙe na ƙasan akwatin da siririn tiyo, ɗan kaɗan, a mayar da wanda ya kwana a hankali. A ɗiga magani har ruwan ya yi kalar bula, a sa ɗan gishiri, a rage abinci. Kullum ya dawo ofis sai ya naɗe hannun riga ya hau wannan aiki. Wahalar ita ce in an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, kuma a wancan lokacin da wuya magariba ta wuce ba a ɗauke ba. Sai ni da Sanusi mu riƙa karɓa-karɓa, mu ɗebi ruwan akwatin da kofi mu zubo shi daga sama don iska ta shiga.

Ɗauke wutar nan ita ce ta ba mu tatsuniya. Iya takan fito baranda, dab da ƙofar falo, ta sa kaskon garwashi a gabanta tana gasa ƙafafu. Wanda ba ya kan kofi ya zauna kusa da ita, wanda ke kan kofi ya miƙo kunne. Ba ta da ƙarfin murya a kwanakin, ƙasa-ƙasa take yi, wani lokaci ta tsaya a tsakiya ta ce ta gaji.

Wani yammaci Sanusi ya gaji da kofi, ya ce, “Baba, ruwan nan ai ya yi datti. Me zai hana a zubar da shi duka a huta?”

Baba yana durƙushe da tiyo a hannu, ya ce, “Abin da na yi ke nan na kashe 'yan'uwansa. Ba a raba kifi da ruwansa gaba ɗaya. Ko ya yi datti, shi jikinsa ya sani. Kaɗan ake ɗiba, kaɗan ake ƙarawa, a bar tsohon ya fi yawa.”

Na ga Iya ta ɗauki tsinke ta tona garwashi. Can ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan tahe, ku matsa mata.” Muka ce ta zo ta zauna. Muryar da ta yi amfani da ita ran nan ta fi ta kullum ƙarfi, har na waiwaya in ga ko wani ya shigo.

Wai wata tsohuwar tarwaɗa ce a wani tabki. Wata shekara aka yi fari, wani yaro ya ɓata a daji, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Tarwaɗa ta leƙo daga cikin laka ta nuna masa inda zai tona, ya tona ya sami ruwa ya rayu. Yaro ya girma, ya tafi birni, ya zama babban mutum, bai kuwa manta ba. Ya dawo ya tarar da ita cikin taɓo, tausayi ya kama shi. Ya ɗauke ta, ya wanke ta tas, ya sa ta cikin tasar azurfa da ruwa garau, ya sa ana dafa mata shinkafa. Tarwaɗa ta yi ta ramewa. Ya kira masu magani, suka duba suka ce ba su ga komai ba. Kullum sai ya durƙusa a bakin tasar ya ce, me ke damun ki? Ita kuwa ba ta iya amsa masa.

Sanusi ya ce, “Don me ba za ta faɗa masa ba?”

Iya ta ce, “Kai dai ba ka da wayo. Kihi in ya buɗe baki, ba ruwa ka shiga ba? Sai dai in mutumin ya ba da baya, ta yi 'yar waƙarta.” Sai ta rera, tana buga tsinken a bakin kasko:

“Ɗan kirki ya wanke ni,
ɗan kirki ya ƙoshe ni,
ina lakata, ɗan kirki?”

Ta maimaita ta, muka kama muna yi tare, don waƙar tana da daɗin bakin yara. Muna cikin haka aka kawo wuta, inji ya ci gaba da ɓurɓurarsa. Muka ce, to sai me ya faru? Ta ce, “Nan na sani. Sauran bai iso ba tukuna.” Ba ta rufe tatsuniyar ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga falo muka ji Mama tana salati: bokitin da Baba ke zuƙe ruwa a ciki ya cika ya malala har ƙarƙashin kujeru, shi kuwa yana riƙe da tiyon bai lura ba.

Ranar Asabar bai karya da mu ba. Sai bayan la'asar ya dawo a gaban wata akori-kura da ta sha laka har gilashi. Aka fara sauke kaya maƙwabta suna leƙe: tsohuwar randar Iya, tabarmar kaba da ta ci baki, turmi, baƙar tukunyar miya, kaji a kwando, da jarka cike da ruwan rijiyar gidanta. Mama ta dubi kajin, ta dubi furannin da ta shuka a tsakar gida. Baba da kansa ya zuba yashi a gindin mangwaron bayan gida ya kafa randar, ya juye rabin jarkar a ciki, ya ƙara ɗan ruwan famfo da ya kwana.

Iya ta fito tana dogara sanda. Ta zagaya randar, ta shafa wuyanta inda aka taɓa ɗaure tsaga da waya. Ba ta dubi Baba ba, shi ma ya sami abin dubawa a tayar mota. Ta ce, “Takwara, ki ce ma wancan ya baro moɗar.”

Na je na faɗa masa, ko da yake yana tsaye a wurin ya ji da kunnensa. Ya ce, “Ki ce mata za a kawo.”

Da magariba ta sa aka ɗora baƙar tukunyar, ta kaɗa kuka da hannunta, ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Da aka ɗauke wuta muka tuna mata bashin tatsuniya. Ta ce ai babu wani abu mai yawa, ɗan kirki ya koma tabki ya ɗebo laka a hularsa ya zuba a tasar azurfa, mutanen birni suna ta yi masa dariya. Sanusi ya tambaya ko tarwaɗar ta warke. Ta ce, “Ta dai ci abinci. Na naɗe tabarmata, ɓera ya ja sauran.”

Ɗigon jikin Mai Riga suka ɓace sannu a hankali, ya tashi daga ƙasa, sai dai gefen jelarsa da ya zube bai dawo ba. Ruwan jarka ma ya ƙare, Baba yana ta ƙara na famfo kaɗan-kaɗan har randar ta koma ruwan Kaduna zalla, Iya ba ta ce ta ji bambanci ba. Ta yi shekaru tare da mu a gindin mangwaron nan. Har ta rasu ban ji ta kira sunansa ba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin tarwaɗa a matsayin labarin rama alheri, irin wanda ake gaya wa yara don su yi hankali. Sai da na girma na gane ba mu aka yi wa tatsuniyar ba. Mu hanya ce kawai, kamar yadda muke hanyar goro da man zafi. Ban ga laifin kowa a ciki ba. Shi ya ba da abin da ya ga ya fi kyau, ita kuma ba ta da bakin cewa ya isa.

Bayan rasuwar Mama, Baba ya zauna shi kaɗai har ƙafa ta fara gagararsa, muka yanke shawarar ya dawo gidana a Abuja. Na gyara masa ɗaki, na zo da mota da masu ɗaukar kaya. Ina ta nuna abin da za a ɗauka da abin da za a bayar, yana zaune a tsohuwar kujerarsa da ta lotsa, kusa da akwatin gilashin da ya yi shekaru babu ruwa babu kifi. Bai sa baki ba sai da aka zo kan kujerar. Ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da sunan da ya saba.

“Ummi, tsohon ruwan nawa, nawa za ki bar mini?”

Na ce da masu ɗaukar kayan su fara da akwatin gilashin, su riƙe shi da kyau, gefe ɗaya ya tsage.