Gyatsar Bijiman Kawu

A shekarun da nake riƙe da sito a wani kamfanin jima a Challawa, wari bai taɓa zama abin magana a wurinmu ba. Baƙo ne kawai yake toshe hanci. Mu kuwa har ƙosai muke ci a bakin kwatar da ke kai baƙin ruwan kamfani kogi.

Wata shekara Turawan da ke sayen fatarmu suka ce sai mun nuna muna kula da muhalli. Manajanmu, wani Alhaji mai son taro, ya gayyato wata malamar jami'a ta yi mana bayani. Ta fara da hayaƙinmu da ruwanmu, Alhaji yana ta latsa waya. Can ta gangaro kan noma. Ta ce gyatsar shanu, da tulin taki, da gonar shinkafar da ruwa ya daɗe kwance a cikinta, duk suna fitar da wata iska mai suna metan wadda ke ƙara wa duniya zafi. Sai Alhaji ya ajiye waya.

"Malama, wai shanu kike nufi?"

"Har da su, ranka ya daɗe."

"Dama na daɗe ina zarginsu," in ji shi.

Washegari aka kafa kwamiti. Aka sa ni a ciki saboda kawuna, yayan mahaifiyata, shi ke noman shinkafa a fadamar da ke bayan katangarmu, kuma yana da bijimai uku a turke. Ni aka aika in ja masa kunne.

Na same shi yana dama musu dusa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, an ce in gaya muku shanunku suna ɓata iska."

Ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin da ke turnuƙowa daga kamfani, sannan ya dube ni.

"Da me?"

"Da gyatsa."

"To, ka ce wa Alhaji zan yi musu faɗa."

Maganar shinkafa ce ta shige shi. Da na gaya masa malamar ta ce a riƙa barin gona ta tsane kafin a sake ba ta ruwa, ya ce ko ba komai injinsa na ban ruwa zai rage shan mai. Ya gwada a noman rani, shinkafa kuma ba ta ragu ba.

Labari ya kai kunnen Alhaji, ya turo mai hoto. Aka sa Kawu ya sa rigar Juma'a ya tsaya cikin taɓo, mai hoto yana ta jujjuya shi har sai da kamfani ya fita daga hoton. A kalandarmu ta shekarar, ga Kawu nan yana murmushi, an rubuta a ƙarƙashinsa wai aikin kamfani ne. Ranar da Turawa suka zo, an kashe injuna tun safe, an rufe kwata da katakai, an jera tukwanen furanni a kai. Suka yaba, suka tafi.

Batun shanu kuwa kwamiti ya yi ta zama a kai, kowane zama da tsire da lemo, ba a cim ma komai ba. Da Babbar Sallah ta matso, Alhaji ya sayi babban bijimin Kawu ya yi layya da shi. A taro na gaba ya sanar cewa kamfani ya rage sa guda a unguwar, aka yi tafi, har da ni. A makon nan Kawu ya je kara ya dawo da maruƙa biyu.