Halliru Mai Rediyo da Motar da Ta Haihu

Da an idar da sallar asuba, kafin mai shayi ya gama hura wuta, Malam Halliru Mai Rediyo ya riga ya buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Isa. Zai share gabanta, ya jingina farantin sola da bango yana fuskantar gabas, sannan ya ɗaura tabaransa da igiya, domin hannun tabarau ɗin ɗaya ya karye tun tuni kuma mai gyaran kayan kowa bai taɓa samun sukunin gyara nasa ba. Rediyo, tocila, fitilar caji, duk abin da ya yi shiru wurinsa ake kawowa. Wannan watan yake ajiye aiki saboda idanu sun fara gardama. Shi ya sa ya dace a yi masa jinjina yana raye, yana ji da kunnensa.

Amma ba don rediyo kaɗai ba. Akwai maganar 'yan motocin nan.

A shekarun farin da suka wuce, lokacin da gero ke bushewa a tsaye kafin ya fid da kai, Wakili falke, mai kai-kawo tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, ya fara shigo da su cikin kayan gwanjo. Motoci ne na tsere, tsawon kamu ɗaya, ana tuƙa su daga nesa da rimot. Kowa ya ɗauka na yara ne, sai ga manya sun ƙwace. 'Yan kabu-kabu da manoman da gona ta sallama suka gano fakon da ke bayan ƙauyen Turba, inda mata ke sussuka, ya zauna a banza domin babu abin sussukawa. Suka share shi, ya zama filin tsere. Ka ga magidanci da gemunsa yana bin 'yar mota da ihu, sai ka rasa ko dariya za ka yi ko tausayi.

Matsalar ita ce mutane launi suke saye. Mai ja ta tafi, mai walƙiya ta tafi, kafin kasuwa ta zagayo an kawo wa Halliru gawa. Da abin ya ishe shi sai ya kafa doka, kuma Wakili ya yarda: duk sabon shiga da zai sayi mota, a rumfar Halliru za a buɗe kwali, kuma sai an tuɓe wa motocin riga kafin mai saye ya gan su. Riga ita ce murfin roba mai launi. Abin da ke ƙarƙashinta, wanda ke ɗauke da inji da batir da tayoyi, shi ne shasi, Halliru kuwa ƙashi yake ce masa.

"Ku ja da kore ku ka gani," in ji shi, "ni ƙashi ni ka dubi."

Sai ya jera su tsirara a kan tabarma ya fara hukunci. Akwai mai bel, wadda wata siririyar igiyar roba ke juya tayoyinta. Ba nauyi, ba ƙara, ga gudu, amma cikinta a buɗe yake, tsakuwa ɗaya ta shiga sai bel ya tsinke. Wannan, in ji Halliru, ta mai siminti a tsakar gida ce, kuma wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Akwai mai kama da tasa, wadda sandar ƙarfe ke ratsa ta daga gaba zuwa baya tana jan tayoyi huɗu, giyoyinta a rufe. Ba ta da saurin waccan, tana da gurnani, amma tana jure yashi da karo, kuma kayanta na shiga na 'yan uwanta. Ita yake ba sabon shiga. Ta ukun kuwa, mai araha, wadda aka manne da gam babu noti ko ɗaya, ko kallo ba ta ishe shi ba. Abin da ba a kwance shi, a cewarsa, ba a gyara shi. Wakili ya yi gunaguni, domin wannan ce ta fi tafiya, daga baya shi ma ya daina ɗauko ta.

A gefen fakon akwai rugar Labbo, makiyayin da fari ya cinye wa garke kaf. Tun ranar da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi, Labbo ya daina magana sai amsa sallama. Yakan zauna ya zuba wa turaku ido har rana ta faɗi. Matarsa Habi ta ga yadda wasu da suka rasa dabbobi suka fita ba sallama suka shiga duniya, kuma ta san mijinta ya kama wannan hanya. Wata ranar kasuwa ta tsaya a gefen rumfar Halliru, ta rusuna ta gaishe shi.

"Malam, maigidana na neman ɓace muna muna kallo," ta ce. "In kuna wasan ga naku kaɗai ni ka ganin ya ɗaga kai. Shina bin su da ido awa maruƙa."

Halliru bai yi mata dogon bayani ba. Ranar tsere ya ɗauki mota ɗaya ya nufi inda Labbo ke tsaye nesa da jama'a, ya miƙa masa, ya ce kyauta ce. Labbo ya sunkuyar da kai, ya juya ya yi tafiyarsa. Halliru ya koma gida yana jin haushin kansa. Mutumin da ya saba ba wasu nono bai iya miƙa hannu a gaban taro, kuma ya kamata ya san haka.

Da mako ya zagayo sai ya sake dabara. Ya je har ruga, ya shimfiɗa ƙashi uku a gaban Labbo, ya ce shawara ya zo nema: in dabbobi ne waɗannan, wacce makiyayi zai zaɓa? Labbo ya daɗe yana kallo. Can ya miƙa hannu, ya juya wannan, ya matsa tayar waccan, ya leƙa ƙarƙashi kamar mai duba kofato. Ya turo mai kama da tasar gaba.

"Wagga ba ta da kyau," ya ce a hankali, "amma cikinta ruhe shi ke, ƙahwahunta sun yi daidai. Ita ka kai rani."

"To Malam Labbo, na ba ka ita habbanaye."

A wurin makiyaya, habbanaye ita ce a ba wanda ya rasa dabbobi aron karsana ya kiwata. In ta haihu 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma ga mai ita. Babu kunya a cikin karɓarta, ƙin karɓa ne ma abin kunya. Labbo ya ɗaga kai ya dubi Halliru.

"Mota na haihuwa?"

"In an iya kiwonta. Duk wadda tam mutu bisa fakon ga, kai za a kawo ma. Ka tsinci abin da yar rage."

Labbo ya karɓa da hannu biyu.

Kiwon farko bai yi daɗi ba. Labbo ya ji giyoyin na ƙara, ya ga alamar bushewa ce, sai ya buɗe su kamar yadda ya ga Halliru na yi. A ɗakin Habi akwai ɗan sauran soyayyen man shanu na saniyar nan ta ƙarshe, wanda aka ɓoye ba a taɓawa. Shi ya lakato ya shafe su tas. Gari na wayewa kiyashin Turba gaba ɗaya suka tare a cikin motar. Ya ɗauko ta a cikin ƙwarya har Isa, yana karkaɗe hannu. Halliru ya leƙa, ya shinshina, ya so ya daure ya kasa, ya fashe da dariya har tabarau ya zame. Labbo ya tsaya cik, sannan kafaɗunsa suka fara rawa, shi ma ya bi. Habi ta ce da aka ba ta labari sai da ta yi kuka don murna, kuma ba ta taɓa jin zafin man nan ba.

A ranar Halliru ya ba shi giris da sukudireba, ya matsa masa wuri a tabarma. Labbo ya riƙa zuwa duk kasuwa. Taya daga wannan gawa, inji daga waccan, sifirin daga wata, har ya haɗa mota cikakkiya da hannunsa. Rigarta gwangwanin madara ce da ya buɗe ya lanƙwasa. Ba ta taɓa cin tsere ba, amma ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Ranar da ta fara zagaya fako, Labbo ya goge uwar, ya kai wa Halliru a gaban kowa ya ce, "Ga abinka, ta haihu."

Daga mota hannunsa ya wuce zuwa tocila da rediyo. Ya zama mai gyaran rugage, daga Kamarawa har Bafarawa. Aka sayi akuya, akuya ta zama awaki, aka kai ga saniya. Da ruwa ya dawo, gero ya yi, mata suka zo da taɓare suka kori 'yan tsere daga fakonsu, babu wanda ya kai Halliru murna. Ya ce gara kowace mota ta yi tsatsa da a sake ganin fakon nan ba mai sussuka.

Malam Halliru, kai ne ka hana talaka zuba ɗan abin hannunsa a kan walƙiya. Kai ne ka ga babban mutum na nutsewa, ka nemo hanyar da za ka jawo shi ba tare da ka taɓa mutuncinsa ba. Mai tuɓe wa mota riga, ba ka taɓa tuɓe ta mutum ba.

Makon jiya, Halliru na tattara kayan rumfa, sai ga Labbo janye da jar karsana. Ya ɗaure ta a jikin turken rumfar. Halliru ya fara ɗaga hannu zai ƙi.

"Ba kyauta ta ba," in ji Labbo. "Habbanaye ta."

"Haba Malam Labbo, ni ina na iya kiwo?"

"Ni ina na iya sukudireba da? Za ni zo in gwada ma. Kak ka dai shahwa mata giris."

Mun gode, Malam Halliru. Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa karsana ta cika maka gida. Mu kuma da muke da wata 'yar sana'a a hannu, mu waiwaya gefen fili, akwai wanda ke tsaye shiru yana kallo, kuma ba sadaka yake jira ba. Waɗanda suka wuce ta rumfar da yammacin ranar sun ce sun ga Halliru a durƙushe, ya gyara igiyar tabarau, yana duba kofaton karsanar ɗaya bayan ɗaya, Labbo na tsaye a kansa yana ta zuba surutu.